Matsin da na haɗa wa Iya

Dutse, daren Laraba, tsakiyar watan Azumi

Na gaji, Allah ya sani. Cikin Iya, uwar mijina Malam, ya ɗaure tun makon jiya, ko filasko ta sha sai ta amayar. An ce Nasara suna da mai magani a Kano, to wa zai ɗora tsohuwa a jaki har can?

Sai na haɗa mata matsi, maganin da ake cusawa ta dubura. Na daka filasko, na kwaɓa da man kaɗe da ɗan sabulun salo, na mulmula kamar ƙwallon dabino, na ajiye ƙarƙashin randa ya daskare. Bayan shan ruwa na fara gwadawa a jikina, don ba zan ba ta abin da ban sani ba. Ya yi raɗaɗi, sai na rage sabulun.

Da na kai mata, ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ke 'yar nan, suruka ce za ta yi mini wannan? Gara ciwon." Na ajiye mata a faifai, na fuskanci bango na faɗi yadda ake cusawa, na fita.

Yanzun nan na ji tana laluben buta. Alhamdu lillahi. Gobe dai ba za mu haɗa ido ba.