Baitocin Baba a Gaban Alƙali

Zuwa ga ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya jikin Inna, yaya Hajara da yara? Mu nan Wurno lafiya lau, in ban da ɓacin rai.

Ɗana Sani na tsare. Ƙwallo anka buga tsakanin Dinawa da Kwargaba, ɗan wani babba ya taka mai ƙafa da gangan, Sani ya ture shi. Laifin ke nan. Mai takun yana gida yana shan fura.

A kotu haƙuri ya ƙare mini. Na miƙe na rera tsoffin baitocin wa'azin nan da marigayi Baba ke karanta muna a zaure, masu gargaɗin alƙalin da ke duban fuska kafin gaskiya. Ka san wa ke bisa kujera? Isa, ɗalibin Baba! Ya yi murmushi, ya gyara mini inda na kuskure, ya ƙarasa baitin da muryarsa mai daɗi. Sannan ya tura Sani gidan kaso.

Mi karatun ya amfana, Bello?

Ku sa mu cikin addu'a. Ka gai da Inna, amma kada ka gaya mata wa ya yanke hukuncin. Da tuwonta ya girma.

Yayanka,
Umaru