Za Su Kwashe Ƙasar Gindin Zogale

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da ke, na rubuto in sanar da ke za a shimfiɗa ciyawar roba a tsakar gidanmu na Agege. E, ta roba. Koriyar nan da ake naɗowa kamar kafet, wadda ko akuya ba ta yi mata kallo biyu.

Yaya Sani ne ya kawo shawarar, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Kin san tsakar gidan nan da damina, kwata ta cika ta dawo mana, taɓo har idon sawu. Bana Baba ya zame da buta a hannu, ƙugunsa ya goce, har yau da sanda yake tafiya.

Ranar Asabar Yaya ya zo da wani ogan masu wannan aiki daga unguwar Ogba ya auna ko'ina. Ina kicin ina jin bayaninsa da Yarbanci: sai an kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa da yashi, a daddaɓe, sannan a shimfiɗa. Zogalenki kuwa dole a tumɓuke shi, wai saiwarsa za ta ɗaga robar. Na leƙo na tambayi inda za a kai ƙasar. Ya ce akwai wani rami a bakin titi mai cin tayar motocin danfo, can leburori za su juye ta.

Wallahi Inna, sai da ludayi ya suɓuce daga hannuna.

Ke kaɗai kika san dalili. Ranar da na haifi ɗana na fari a ɗakinki, ke kika wanke mabiyiyarsa, kika naɗe ta a farin ƙyalle, kika binne a gindin zogalen nan. Kika shigo kina kakkaɓe hannu kina cewa, "Inda aka binne cibiyar mutum nan ne gidansu, ko a Ikko aka haife shi."

Bai yi arba'in ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Maza suka fita da shi, mu mata ba ma bin gawa. Da na tambayi babansa daga baya, shi ma ya kasa gane kabarin, ɗan ƙarami ne kuma ba alama. Allah bai sake ba ni wani ba. Shi ya sa duk zuwana gida nake zama a gindin zogalen. Ba ki taɓa tambayata ba, sai dai ki turo min kujera da ƙafa ki ci gaba da tsince shinkafarki.

Na so in yi magana, Allah ya sani. Amma ke kika tarbiyyantar da mu da kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa. Da wane baki zan tsaya gaban Baba da Yaya in tayar da zancen? Abin da na iya cewa kawai, a bar zogalen. Yaya ya yi dariya, ya ce in miya ce damuwata, zogale tuli yake a kasuwar Mile 12. Na ji haushinsa, alhali bai san komai ba.

Jiya da hantsi na je da tsohon bokitin fenti da fartanya. Na tona ta gabas, na tona ta jikin katanga. Saiwa ce kawai, da fasasshiyar kwalba, da baƙar ƙasa. Na san babu abin da zai rage bayan shekarun nan, amma ko wurin ban sani ba, Inna, ranar ina kwance a ɗaki. Wane ɓangare ne? Me ya hana ni tambayarki kina da rai?

Na cika bokitin na ce wa Baba na'ana'a zan shuka. Ga shi nan a bakin ƙofata, ban san ko ƙasarsa ce na ɗauko ba, ko tasa tana cikin wadda motoci za su bi ta kai.

Allah ya ji ƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba Baba lafiya. In Allah ya haɗa ku a can, ki riƙe min shi yadda kika riƙe shi ranar suna. Yau dai na ajiye kunyar, ki yafe min.

'Yarki,
Maman Aliyu