Jikana a Takarda Ɗana Ne

Asabar, 2 ga Maris, 1974
Abdulghani ya ce an zaɓe shi ya shiga gasar harbi ta ma'aikatan kamfanoni. Ƙaramar bindiga ce, harsashinta bai fi ƙwayar wake ba. A ruf da ciki ake harba ta, a nemi baƙin ɗigo a jikin takarda daga mita hamsin. Turawan wurin aikinsu a unguwar Khumra suka kawo wasan, wai a ƙasarsu tun zamanin kakanninsu ake yi. Na yi murna har na rungume shi. Sai ya ce za a duba iƙamar kowa, takardar izinin zamanmu a ƙasar Larabawan nan.

Talata, 5 ga Maris
Na ciro takardun na karanta a hankali, yadda malaminmu na ajin koyon karatu na yamma ya koya mana. Lokacin da aka mayar da ubansa, ɗana Salihu, Najeriya don ba iƙama, Abdulghani yana goye. Na rubuta shi a tawa, na ce ɗana ne. Shekara ashirin ba wanda ya tambaya. In aka gano yanzu, jirgi ɗaya za a sa mu.

Litinin, 11 ga Maris
Matata Turai ta ce in hana shi. Na gwada. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, Kaka, sunana ya riga ya shiga." Na ce to a gaban mutane Baba zai ce mini, kamar kullum.

Laraba, 13 ga Maris
Na roƙi Allah ya sa ya faɗi. Astagfirullah.

Alhamis, 14 ga Maris
Na je. Jami'in takardu yana kujerar kusa da ni. Harbi sittin, ina ƙirga kowanne. Da aka sanar shi ya zo na ɗaya sai ya manta, ya taho da gudu yana "Kaka, ka gani?" Jami'in ya dubi takarda, ya dube ni. Ya ce, "Ya hajji, mene ne shi a gare ka?" Bakina ya riga ni. Na ce jikana ne. Ya yi rubutu, ban ga me ba.

Lahadi, 17 ga Maris
Har yau ba wanda ya zo. Kowace mota ta tsaya a ƙofa sai in leƙa. Turai ta ɗaure kayanmu a buhu biyu.
Da safe mai burodin unguwar Sharafiyya ya tambayi wane ne yaron da ya ci kofi. Da na so, da na yi shiru. Na faɗa masa, har da sunan ubansa.