Auduga a Kunnen Hagu

Zuwa ga maigidana, uban 'ya'yana, gawon da ke ba ni inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye, ruwan randata na tsakar rana, ƙamshin ƙasata bayan yayyafin farko. Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka a Agadas cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka.

Mu nan Tanut sai godiya. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, tana takawa har ƙofar gida, sai dai gwiwar ba ta barinta ta yi salla a tsaye, kuma tana gaishe da ɗanta. Abdurrazak lafiya lau, yana zuwa lakwal yana karatun boko, ya yi tsawo har wandon sallarsa ya tsaya masa a ƙwauri. Rukaiya ta yi zazzaɓi, an yi mata allura, ta miƙe. Jar akuya ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Autarmu Nafisa jikinta ƙalau, tana ci tana sha, amma ba ta da lafiya, kuma maganinta ba a sayar da shi a kanti. Zan zo kan wannan. Ni kuwa me zan ce? Ka dubi kurciyar da abokin zamanta ya tashi ya bar ta a kan reshe, ka ga yadda nake.

Da hannuna nake rubuta maka. In ka ga layi ya karkace kamar kunyar sabon manomi, ka yi haƙuri. Ka san abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfura a gefen kaina, na zauna tabarma ɗaya da 'yan matan da na goya? Kai ne, sanyin idona. Tun da waya ta zama ni ina ihu, kai kana ta cewa na'am, na'am, maƙwabta suna jin sirrina ta bayan katanga, kai da nake yi dominka ba ka ji ba, na ce a'a. Akwai maganar da ba a faɗinta da ihu, kuma ba a ba ɗa ya rubuta wa uwarsa ita.

Kana tuna Gangara, shekarar da kake yaron mota, kuna zuwa lodin gero? Muna daka a bayan gidan babana, mu da yawa, taɓare suna tashi suna sauka, sai ka aiko ƙanwarka ta ce wai tun daga bakin kasuwa kake gane taɓaryata, domin ni kaɗai nake tafa hannu sau biyu kafin in cafe. Na ce ƙarya ce irin ta masu mota. Ranar kasuwa ta gaba na ɓuya a ɗaki na ba wata taɓaryata, ka zo ka tsaya a bakin darni ka ce yau Sakinatu ba ta daka ba. Wayyo ni! Ranar ce ka sace ni, tun kafin a kai goro. Da kunne ka same ni, ba da ido ba. To yanzu ina kunnen nan? Shekara da shekaru injin babbar mota yana ruri a ƙarƙashinka, iskar hanyar Dirku tana dukan tagar direba, har na hagu ya mutu muna kallo. Na dama ne ya rage, shi ma lokotoron asibitin Damagaram ya faɗa maka a gabana: in ba ka rabu da ƙara ba, zai bi ɗan'uwansa.

Zuwanka na ƙarshe, kana zaune a gindin itacen bedi kana gyaran takalmi, Nafisa ta zo ta bayanka, ta hagu. Ta haddace Ƙulhuwallahu, ta ɓoye maka ita tun kana hanya. Ta ce Baba. Ta sake cewa Baba. Ba ka waiwaya ba. Ina bakin murhu ina gani, ta tsaya da bakinta a buɗe, sannan ta juya ta shige bayan randa. Ba ka sani ba, ban kuma faɗa maka ba, don kada in ƙara maka nauyi kana shirin tafiya. Tun ranar, in an ambace ka sai ta sunkuyar da kai.

Na yi murna har da hawaye da ƙaninka Kabiru ya ce ka yarda za ka ajiye babbar mota, ka sayi ƙarama mai aiki da lantarki, ka riƙa jigilar mutane tsakanin Tanut da Damagaram, kana kwana a gidanka. Amma ya ce a cikin biyun da dillalin nan Alhaji Ila ya kawo, farar kake so, domin ta fi kujeru kuma ta fi araha, shuɗiyar ta yi maka tsada. Ya ce wai a wurinka duk ɗaya ne, tunda babu inji babu ƙara. Ya kuma ce za ka ƙara zuwa Dirku sau ɗaya bayan Layya, ka cika kuɗin. Sau ɗaya! Sau nawa na ji sau ɗayan nan, hasken ɗakina?

Saboda haka na je da kaina. Kada ka yi wa Kabiru faɗa, ni na tsare shi. Na ce zan kai Rukaiya a sake duba ta, na ɗauki Nafisa, muka sauka Damagaram, muka wuce garejin Alhaji Ila. Kabiru yana ta tsokanata, wai matar yaya ta koyi baƙi da wasali jiya, yau ta zama makanika. Na ce masa shi dai ya riƙe sitiyari, ya bar wa masu hankali sauran. Alhajin ya ga ina ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa ina kara kunne, ya ce, Hajiya, mota ake saye ko tukunya? Na ce duk da kunne ake sayensu, Alhaji, mai tsaga ba ta ɓoye muryarta.

Sai na ciro auduga daga bakin zanena, na jiƙa ta da man shanu, na toshe kunnena na hagu tam. Na zauna a bayan direba, gefen taga, yadda kunnena na dama zai fuskanci cikin mota kamar naka in kana tuƙi. Na zaunar da Nafisa a can ɗaya gefen. Ina so in ji duniya yadda kake jin ta.

Muka fara da fara. A tsaye shiru take, gaskiya ne, har ban san an tayar da ita ba. Amma da muka fita gari Kabiru ya taka ta, sai wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashi, irin na sauro in ya sami kunne, yana ƙaruwa yana shiga har cikin haƙori. Robar ƙofofinta ta bushe, iska tana shigowa tana fito. Da muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya, tayoyi suka ɗauki guɗa, ƙofar baya tana kaɗawa kamar an ɗaure gwangwanaye a wutsiyar jaki. Na waiwaya na ga bakin Nafisa yana motsi. Tana yi mini magana. Ina ganin leɓenta, ban ji ko harafi ɗaya ba. Sai na ga fuskarta ta yi yadda ta yi ran nan a gindin bedi. Ya Allah! Ashe haka kake zaune a tsakiyarmu? Ashe haka muke yi maka, bakuna suna motsi kamar kifi a ruwa? Na kama kujera na riƙe, don kada in yi kuka a gaban ƙaninka.

Muka dawo muka shiga shuɗiya. Ƙarama ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma da aka rufe ƙofarta sai na ji kamar na shiga rumbu an mayar da murfi, hayaniyar gareji ta tsaya a waje. Robarta biyu ce, mai laushi, na latsa da yatsa. Hanya ɗaya muka bi, gudu ɗaya, na sa Kabiru ya rantse. A kwalta sai ɗan shuu kamar iska a cikin geron da ya yi kai. A jar hanya ana jin tsakuwa, amma daga nesa, kamar dakan maƙwabta. Ina jin numfashin Rukaiya. Ina jin Kabiru yana taunar goro. Sannan Nafisa, ba tare da ta ɗaga murya ba, tana kallon taga, ta ce: Mama, Baba ya daina fushi da ni?

Da kunne ɗaya na ji ta, ya rabin raina. Da na dama. Irin wanda ya rage maka.

Yanzu bari mu yi maganar tsada da araha, tunda ka ce ni ban san mota ba. Farar ta fi shuɗiyar da kujera biyu, na yarda, kuma bayanta zai ci buhu. A ranar kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta fi tsufa, kuma Alhajin da kansa, da na matsa masa, ya ce batirinta ba zai kai ka Damagaram ya dawo da kai ba sai an tsaya an yi caji mai tsawo. Shuɗiyar batirinta ya fi ƙuruciya. Wutar garinmu kuwa ka san halinta, ta zo ta tafi ba sallama, shi ya sa Kabiru ya yi magana da mai sayar da ƙanƙara na bakin tasha, wanda ya shimfiɗa farantan hasken rana a rufinsa, ya ce za a shirya ka riƙa yin caji a wurinsa. Duk wannan lissafin maza ne, ku kuka fi ni iyawa. Nawa lissafin guda ɗaya ne. Kujera biyu za su kawo kuɗin cefane. Wace kasuwa ce ake sayar da kunne, in je in sayo maka? Abin da zai cinye ɗan jin da ya rage maka, ko kyauta aka ba ka shi, ya yi tsada.

Ni uwa ce, ban rasa tsoro ba. Na ce wa Alhaji motar da ba ta da ƙara ai za ta taka yara da awaki a lungu ba su ji zuwanta ba. Ya sa aka ja shuɗiyar a hankali ina tsaye a waje, na ji tana yin wani ɗan sauti don masu tafiya a ƙasa. Hankalina ya ɗan kwanta, amma sai ka yi mini alkawarin danna oda a kowace kwana ta unguwarmu. Wani abin kuma, yaranmu da rurin motarka suke sanin ka iso, tun kana bakin gari suke rugawa. Wannan za su rasa shi. Su rasa! Gara su gan ka kwatsam a ƙofar gida, su kira ka ka amsa.

Saura abin da na san zai ɓata maka rai. Bijimai biyun nan da saniyar da babana ya bar mini ta haifa, waɗanda makiyayinmu Sidi yake kiwo a Tenhya, na aika a kawo su. Layya ta gabato, dabba tana da daraja. Su ne za su cike tsakanin fara da shuɗiya, kuma su ne za su hana ka komawa Dirku. In ba su isa ba, uwarsu ta bi su. Na san ka rantse tun ranar da aka kawo ni ɗakinka ba za ka taɓa ko gashin wutsiyarsu ba, kuma ka cika, har shekarar da fari ya cinye mana gona. Ba kai za ka taɓa ba, ni ce. Babana ya ce in ajiye su don ranar da abu ya same ni. To abu ya same ni. Ko kana tsammani in kunnenka ya rufe, kai kaɗai ne ka kurumce? Wa zan faɗa wa abin da na saba faɗa maka a hankali? Bango?

Kada ka ce za ka biya ni. Kada ka ce mutane za su ce mace ta saya maka mota. Mutanen nan ba su ga Nafisa a bayan randa ba.

Alhaji Ila ya yarda ya riƙe shuɗiyar har jajiberin Layya, bayan nan akwai wani mutumin Belbeji da ke zagayenta. Don haka ina roƙonka, ya taurarona na asuba, ya tafkin da ba ya ƙafe mini, ka aiko da amsa kafin Juma'ar da Layya za ta biyo bayanta, don Sidi ya sami kai dabbobin kasuwa. Ba sai ka rubuta ba. Ka danna waya ka yi magana ka turo, ni kunnuwana biyu lafiya lau, na cire audugar, kuma ina marmarin muryarka kamar yadda shuka ke marmarin ruwa. In kuwa Juma'ar ta wuce ban ji daga gare ka ba, to ka sani na daɗe ina haƙuri da shirunka, wannan karon zan ɗauke shi a matsayin ka yarda.

Ko da Allah ya ƙaddara duka biyun suka tafi, ina nan. Zan zama kunnenka a kasuwa da gidan biki, zan rubuta maka a takarda, a ƙasa, a tafin hannunka, har ranar da za a rufe ɗayanmu. Amma ba a kai can ba tukuna, kuma ba zan zauna in naɗe hannu a kai ba. Na gaya wa Nafisa Baba bai taɓa fushi da ita ba, ta ce sai ta ji daga bakinka. Tana nan tana ta maimaita surarta. Na yi mata alkawarin kujerar gaba, ta hannun damanka.

Taka tun daga bakin turmin Gangara har kabari,
Sakinatu