Muhawarar Da Na Ci

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Ogochukwu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya a Fatakwal, ke da maigidanki da yaran. Kullum kina cikin addu'armu ta safe, Allah ya raba lafiya, ya sa mu ji alheri idan watan ya tsaya. Mu nan mun gode Allah. Damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai. Jinin Baba ya sauka tun da Mama ta ɓoye masa gishiri, sai dai yana zuwa shago ya rama da tsire, yana tsammanin ba mu sani ba. Iya Shatu ta bayan katanga, wadda har gobe take yi mana gorin ita ta goye mu duka biyu, ta ce in gaya miki kukar miya da daddawarki suna nan ta ƙulle.

Na san za ki ce me ya sami wayar Chinaza da take rubuta takarda kamar mutanen da. Wayata lafiya lau, bakina ne ba lafiya. Na sha ɗaukarta in kira ki, sai in sake ajiye ta. Kuma kin san ɗakinmu, ko tari na yi Mama tana ji. Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina sai ke.

Kin tuna Chukwudalu, dogon nan mai shiru-shiru da ke tsare wa ubangidansa shagon kayan gyaran babur a layin tasha? Wanda kika ce in an tambaye shi sunansa sai ya yi addu'a tukuna kafin ya amsa? To shi ne yake zuwa wurina zance tun bara. Ba cocinmu ɗaya ba, nasu yana can ɗaya gefen garin, a taron Kirsimeti na matasan coci-coci muka haɗu. A ranar an yi wani wasa, kowace budurwa ta tashi ta faɗi irin fitar da take so saurayi ya kai ta. Wasu suka ce otal a Kano, wasu suka ce shinkafa da kaza a Katsina. Ni kuwa na ce ba ruwana da otal. A ɗauke ni a babur ranar Lahadi bayan sujada, a kai ni kasuwar Mai'adua, a dama mini fura a gabana, a sayo tsire mai zafi, mu zauna gindin bishiya, namiji ya faɗi abin da ke ransa, ni kuma in saurara. Aka yi ta dariya, har ni ma na manta na faɗa. Ashe shi bai manta ba.

A watan jiya zumuntar matasanmu ta shirya muhawara a kan ko gwamnati daga Allah take bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki. Kin san yadda muke yi, ba a barin mutum ya zaɓi ɓangare, ƙuri'a ake jefawa a hular Fasto. Ni aka ba ɓangaren da ke cewa gwamnati ba ta Allah ba ce. Chibuzor kuwa, wanda ba ya iya buɗe shagonsa da safe bai tsine wa masu mulki ba, shi aka ba ya kare su. Ni ban taɓa yarda da abin da aka ba ni ba. Tun muna ƙanana muke yi wa shugabanni addu'a a gida. Amma kin san ni da son cin gardama. Na zauna na tattara ayoyi, na wasa su kamar wuƙar mahauci.

Ana saura mako guda muhawarar, Chukwudalu ya zo da babur na aro, ya wanke shi fes, ya yi sabon aski, ya nemi izinin Baba. Duk abin da na lissafa a taron nan sai da ya yi shi. Har matar da za ta dama furar ya riga ya yi magana da ita tun makon baya, ta ajiye mana nono mai kyau da sabon ludayi. Muka zauna ƙarƙashin wata darbejiya a bayan kasuwar dabbobi. Ya gyara murya, ya ce yana da magana, amma tukuna yana so ya ji me nake gani game da mutumin da yake aikin gwamnati, musamman aikin ɗamara.

Yaya, a nan na kashe kaina. Maimakon in tambaye shi dalilin tambayar, sai na ji daɗi na samu wanda zan gwada muhawarata a kansa. Na ce a raina ba zan gaya masa gwaji ne ba, don in ga ko maganar tana kama mutum da gaske. Na gyara zama na fara. Na ce masa mutanen Allah da kansu suka nemi sarki, Allah bai so ba, annabi ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu da gonakinsu. Na ce mai jaraba ya nuna wa Ubangijinmu mulkokin duniya yana cewa duk nasa ne, shi mai jarabar. Na ce sojojin gwamnati ne suka buga masa ƙusa a kan gicciye, ba 'yan fashi ba. Ya ce a hankali, ai kuma akwai bayin Allah da suka yi wa sarakuna aiki. Na ce waɗannan bayi ne, kamo su aka yi, ba su cika takarda sun nema ba. Na rufe da cewa duk wanda ya sa kaki da son ransa, ya sani ranar shari'a da kakin zai tsaya. Furar ta tsinke, tsiren ya huce, ni ina ta zuba. Da na gama na tambaye shi maganar da ya ce yana da ita, ya ce ba komai, ta wuce. Muka hau babur muka dawo, ina bayansa ina murna dabarata ta ci.

Lahadin da ta biyo na ci muhawarar. Aka yi ta tafi, Fasto ya ce Allah ya sa ƙuri'a ce, da ya ji tsorona. Daga nan ya tashi ya warware komai, ya nuna cewa tsari da hukuma nufin Allah ne ko da masu riƙe da su sun kauce, kowa ya ce amin, har da ni. Aka ba ni kyautar kwanon sha, Mama ta jera shi a kabad.

Bayan kwana biyu Chukwudalu ya zo, ya rame, leɓensa ya bushe. Ya ce ya zo ya yi mini godiya. Ashe shekaru yana neman aikin tsaron iyaka, yana zuwa Katsina ana tantance su yana dawowa hannu rabbana, bai gaya wa kowa ba. Bana sunansa ya fito. Abin da ya kai ni Mai'adua ya gaya mini ke nan, ya kuma ce in na yarda zai turo manyansa, tunda yanzu zai iya riƙe gida ba sai ya jira ubangidansa ya sallame shi da jari ba. A cikin makon da muka je Mai'adua ya kamata ya tafi horo. Da ya ji maganata sai ya shiga azumi da addu'a, ya buɗe ayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk suna nan yadda na faɗa. Bai tafi ba. Ya ce Allah ne ya sa maganar a bakina don ya tsamo shi daga halaka, kuma gara ya ci gaba da share shagon wani da ya ciyar da ni da abincin zunubi.

Ina tsaye a zaure kamar an dasa ni. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a garin nan, ban gaya masa gaskiya ba. Murmushi ma na yi masa, Yaya. Wannan murmushin ya fi komai ci mini rai.

Da ya tafi na haura wurin Iya Shatu na faɗa mata. Ta ce tun ina goye take faɗa, baki shi ke yanka wuya, sai dai ba ta taɓa ganin wanda ya yanka wuyan wani ba sai nawa. Ta kira ɗanta Sabiru, wanda kin san shi ma aikin ɗamarar yake, ta tambaye shi ko akwai gyara, ba ta ambaci suna ba. Ya ce wanda bai je ba an riga an ba wani gurbinsa, kuma mai waɗannan shekarun baɗi ya wuce a ɗauke shi. Magana zarar bunu ce, na sha jin haka, yanzu na san ma'anarta.

Ga inda nake. Manyansa za su zo wurin Baba ƙarshen wata. Baba da Mama murna suke, ba su san komai ba. Zuciyata tana raya mini in yi shiru, in aure shi, in riƙe shi da kyau har abin ya wuce. Amma shagon Chibuzor yana layi ɗaya da nasu, kuma duk matasan cocinmu sun san labarin hular Fasto. Ko da ba wanda zai faɗa masa, yaya zan durƙusa kusa da shi kowace safiya muna addu'a, yana gode wa Allah a kan ƙaryata? Iya ta ce in faɗa masa da bakina kafin a kawo goro, in ya tafi ya tafi da hakkinsa, in ya tsaya ya tsaya da saninsa. Na san gaskiyarta. Ranar Asabar zan same shi. Ba shawara nake nema ba, addu'a nake roƙo, domin ina sonsa, kuma sai yanzu da zan iya rasa shi na san yawan son.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Somtochi da ƙaramin Obinna, ki ce Anti tana nan zuwa suna in Allah ya yarda. Ki gaida surukarki da jiki. Baba da Mama suna gaisuwa, haka Iya da Fadila matar Sabiru. Kada ki kira Mama a kan wannan magana tukuna.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa miki ba. Da zai tafi ran nan, ya juyo daga bakin ƙofa ya ce asarar aikin ba ta dame shi ba, domin shi duk rayuwarsa mace yake roƙon Allah ya ba shi wadda ba ta faɗin abin da ba shi ne a zuciyarta ba, kuma ya samu.

Ki sa ni a addu'a ranar Asabar, Yaya.

Ni ce ƙanwarki,
Chinaza Okafor.