A Taimaka a Kore Ni Kafin Juma'a

Daga: Kuramochi Genta, Mahayi Mai Lamba 58,
Sashen Tsere, Kamfanin Babura na Hozumine,
Hamamatsu.

Zuwa ga: Mai Girma Hozumine Takanari,
Shugaban Kamfani.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Ƙorafi kan ƙin korata daga aiki, tare da roƙon a gaggauta yin hakan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da biyayya, ina neman afuwa kan tsallake ofisoshi takwas da na yi na rubuto maka kai tsaye. Ni ne Kuramochi Genta, wanda hotonsa ke rataye a bakin ofishinka. Shekarata talatin da uku, sha ɗaya daga ciki na yi su ne ina yi wa wannan kamfani tsere a gasar duniya, ajin ƙoli. Na zo na uku sau biyu, na karye sau bakwai, ban taɓa ɗora wa injinmu laifin faɗuwa ko ɗaya ba. Ƙorafina shi ne kamfani ya ba wani gurbina, amma ya ƙi korata. Wata ƙungiya a Italiya ta ajiye mini babur zuwa ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a, 21 ga wannan wata, kuma ba za ta iya yi mini rajista ba sai da takardar sallama mai ɗauke da hatiminka. Ga yadda abin ya faru.

1. Ranar 6 ga Agustan bara, ina cin shinkafa da gasasshen kifi a ɗakin cin abincin ma'aikata, sai na gani a talabijin wai Hozumine ta ɗauki wani ɗan Sifen, Eudald Ferrús. Babur biyu gare mu, kuma abokin hawana ya riga ya sabunta kwantiraginsa. Na ajiye tsinken cin abinci na nufi ofishin manajan ƙungiya, Obinata-san. Ya miƙe, ya rusuna, ya zuba mini koren shayi da hannunsa, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da na tambaye shi ko an kore ni ne, sai ya dafe ƙirji ya ce, “Haba, Kuramochi-san! Kora? A wannan gidan? Kai fa ɗan gida ne.” Ya tuna mini da rubutun marigayi kakanka da ke manne a ƙofar shiga, cewa Hozumine ba ta korar mahayinta, kuma shekara sittin ba a taɓa saɓa wa wannan magana ba. Na ce to wane babur zan hau? Ya ce ana nazari.

2. A farkon kakar tsere ta bana aka ba ni sabon muƙami, Mahayi na Musamman Mai Jiran Umarni, har da sabon kati. An kai ni tsere ashirin da biyu a nahiyoyi daban-daban. A kowane ɗaya nakan sa kayan fata da takalmi, in riƙe hular kwano, in zauna a kan wata kujera a ƙuryar gareji, ina kallon Ferrús yana fita da baburina. An buga wa kujerar lamba 58. Makanikai suna goge ta safe da yamma, ana sa ta a akwatinta na musamman idan za a hau jirgi.

Tunda har yanzu sunana mahayi, dole ne injiniyana ya cika takardar bayani bayan kowane gwaji. Sai ya zo ya durƙusa a gabana da allonsa, kansa a ƙasa, ya tambaye ni yadda na ji. A tsere na huɗu haushi ya kama ni, na ce masa kujerar tana ja hagu. Ranka ya daɗe, zolaya nake yi. Kafin tsere na gaba injiniyoyi uku sun kwance ta, sun auna, sun gano cewa lallai ƙafarta ɗaya ta gaza da milimita biyu. Aka gyara, aka kawo mini rahoto mai shafi tara, aka nemi gafarata.

3. Ranar 1 ga Satumba wani dattijo mai suna Zaffagnini, mai wata ƙaramar ƙungiya a Italiya, ya bugo mini waya. Mahayinsa ya gudu zuwa wata babbar ƙungiya, ya bar masa gurbi ɗaya na kaka mai zuwa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, “Baburin nan tsoho ne, yana tari da safe kamar ni, amma yana tafiya. Kawo takardar sallama kafin a rufe rajista, in ba haka ba akwai mutum shida a ƙofata.” Da na kashe wayar sai da na zauna a ƙasa. Matata Chizuru ta ɗauka rasuwa aka yi.

4. Washegari na rubuta takardar ajiye aiki. Obinata-san ya karɓa da hannu biyu. Bayan kwana uku ya dawo mini da ita cikin sabon ambulan, ya ce duk ofis an yaba da kyawun rubutuna, amma idan mahayi ya ajiye aiki ai kamfani ne ya gaza riƙe shi, kuma ba zai iya kai wa Shugaba wannan abin kunya ba. Na tafi sashen ma'aikata na nemi fom ɗin sallama. A wurin da ake rubuta dalili, akwati biyu ne kawai: ritaya da rasuwa. Idan na zaɓi ritaya, ba za a yi mini rajistar tsere ba. Na biyun kuwa, ma'aikaciyar ta duba ni sama da ƙasa ta ce a ganinta ban cika sharaɗi ba tukuna. Na ciro biro na zana akwati na uku da hannuna, na rubuta “kora”. Matar nan ta ja da baya kamar na ajiye mata maciji a tebur, ta ce ai kora sai da laifi.

5. Sai na shiga neman laifi. Ina so a rubuta a tarihi cewa na yi iya ƙoƙarina, kamar haka:

Ranar 16 ga Satumba, a taron safe, kowa yana rera taken kamfani, na rufe bakina gam, na kuma sa hannu a aljihu. Aka buga a mujallar ma'aikata cewa Kuramochi-san ya yi shiru domin tunawa da mahayan da suka riga mu gidan gaskiya.

Ranar 24 ga Satumba na ari babur ƙirar kamfanin da muke gaba da shi, na shigo da shi ta babbar ƙofa ina danna hon, na ajiye shi a wurin ajiye motarka. Da na sauko da rana ban same shi ba. Ashe sashen bincike sun ɗauke shi sun warware shi har ƙusa ta ƙarshe. Aka ba ni takardar yabo ta Kishin Kamfani. Baburin kuwa na surukina ne, har yau ba ya amsa gaisuwata.

A tseren da aka yi a nan ƙasarmu, sai na tara 'yan jarida, na ce musu baburin Hozumine na bana yana shan kwana kamar firiji. Tsakani da Allah, wannan maganar ta yi mini ciwo, na faɗa ne kawai don a fusata. Injiniyoyi suka yi taro, suka ce gaskiya ce, suka sauya gaban babur ɗin. A tsere na gaba Ferrús ya zo na biyu, ya rungume ni a gaban kyamara, ya sumbace ni a kumatu, ya ce ni ne ubansa.

A liyafar da aka yi bayan haka, na miƙe a gaban mutum sittin, na nuna Obinata-san da yatsa, na kira shi matsoraci, munafuki, mai kai kamar ƙwai. Ban ɗanɗani giya ba a ranar, da gangan, don kada a sami uzuri. Amma ka san al'adarmu, abin da aka faɗa a wurin shan giya ba a tashi da shi. Da safe ba wanda ya tuna komai. Obinata-san ya tare ni a matakala da gorar maganin ciwon kai ya ce, “Sannu, Kuramochi-san, jiya an sha nishaɗi.” Na ce masa ruwa na sha, kuma ina nan a kan bakana. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe giyar ba ta sake ni ba.

6. Da na ga laifi ya gagare ni, ranar 27 ga Oktoba na ɗauki fom ɗin nan da na zana wa akwati da hannuna na shiga zagaye da shi da ƙafata. Yana buƙatar hatimi tara, daga ƙaramin ofis zuwa naka. Na yi mamakin yadda abin ya zo da sauƙi. Na farko ya buga, ya ce ai ya san na sama da shi ba zai buga ba. Na biyu ma haka ya ce. Haka na yi ta hawa, kowa yana bugawa da murmushi yana dogara da na gaba, har Mataimakin Shugaba, wanda ya buga nasa yana cewa, “Shugaba ba zai taɓa ba kakansa kunya ba.” Ranar 10 ga Nuwamba aka kai takardar ofishinka. Ina da labari daga majiya mai tushe cewa sakatariyarka ta sa ta a ƙarƙashin tukunyar fure don kada ta ɓata maka rai. Ina roƙo ka ɗaga tukunyar.

7. Wannan na ƙarshe shi ne ya hana ni barci. Ranar Alhamis da ta wuce, tunda kaka ta ƙare, aka ce in hau hawa na shida a nuna mini sabon ofishina. Shekara sha ɗaya ina wannan gida ban taɓa sanin abin da ke can ba. Ɗaki ne mai faɗi da babbar taga mai kallon filin gwaji. Akwai tebur biyar. Huɗu da mutane, kuma na gane su duka, domin hotunansu na manna a bangon ɗakina ina ɗan makaranta. Dukansu Mahaya na Musamman ne Masu Jiran Umarni.

Babbansu, Shiranita-san, shekararsa saba'in da ɗaya. Tun 1987 yake jira. Kayan fatarsa na rataye a bayan kujerarsa, yana shafa musu mai kowace Litinin, kuma ba ya cin zaƙi don kada su matse shi ranar da za a kira shi. Duk baburin da ya wuce a ƙasa sai su huɗun su karkata kai gefe guda, su bi shi har ya gama kwana. Ya kama hannuna, ya zaunar da ni, ya ce, “Kwantar da hankalinka, ɗana. Ni ma an ce mini ana nazari. Mutanen kirki ne, ba za su manta da mu ba.” Ya ba ni rabin lemonsa. Na ci, na yi godiya, na shiga banɗaki na yi kuka, kuma ba na jin kunyar rubuta wannan a takardar ofis.

Ranka ya daɗe, ban zo zargin kowa da mugunta ba. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya a gidan nan, ba a taɓa jinkirta mini komai ba, har kek ake kawo mini ranar haihuwata. Kirkin ne ya kusa kashe ni. Likita ya ce wuyan hannuna na dama ba zai jure tsere fiye da kaka biyu ba. 'Yata Koharu, mai shekara biyar, da malamarsu ta tambaye su sana'ar iyayensu, cewa ta yi babanta zama yake yi a talabijin. Ba ta taɓa ganina a kan babur ba tun da ta yi wayo.

Ba kofi zan je nema a Italiya ba. Na san baburin Zaffagnini, idan an yi sa'a na sha takwas zai zo. To ni na sha takwas ɗin nake so. Ina so in yi gumi a cikin kayan fatar nan, ruwan sama ya dake ni, wani ɗan iska ya tare mini hanya in zage shi a cikin hula. Ina so yarinyar nan ta nuna wani ɗigo can a bayan kowa ta ce ga babana. Na tabbata marigayi kakanka ya yi rubutun nan ne don kada a wulaƙanta mahayi. Mutumin da ya ƙera babur ɗinsa na farko a rumfar bayan gida ba zai so ya ga hawa na shida ba.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon:

Na ɗaya, a buga hatimi na tara a kan takardar korata kafin ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a, 21 ga Nuwamba. Zan tsaya a bakin ofishinka tun buɗe ƙofa, daga gobe har ranar.

Na biyu, kada a shirya mini taron ban kwana, kada a ba ni fure, kada a sauya kalmar “kora” da wata mai taushi, domin ofishin rajista a can Turai kalmar suke son gani.

Na uku, ko an kore ni ko ba a kore ni ba, a fito da babur ɗaya filin gwaji, a ba dattawan nan huɗu su zaga ko sau ɗaya ne, ko da a hankali.

Idan har yanzu ana buƙatar laifi da za a rubuta, ga shi a ƙasan wannan takarda. Kowane ƙarami a gidan nan yana karkata hatiminsa idan zai buga, don ya rusuna wa na Shugaba. Nawa a tsaye yake ƙiƙam, kuma da gangan na yi, a cikin hayyacina, da rana tsaka, ba a wurin liyafa ba. Ina neman gafara da takardar ta makara zuwa yau Litinin. Sau huɗu ina sake rubuta ta tun daga farko, domin duk lokacin da na zo buga hatimin, hannuna da kansa yake rusunawa.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kamfani albarka.

Naka mai biyayya, zuwa ranar Juma'a,

Kuramochi Genta
Mahayi Mai Lamba 58