Anza a Cikin Shinge

Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa daga Yamai. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin Inna, yaya haƙuri da fari?

Jiya ɗiyarka, Hadizata, ta ja ni wani lambu a Lamorde, inda aka jera itatuwan duwatsunmu, kowanne da allonsa. Ni da na tsere wa lakwal tun aji uku, ina ta haɗa baƙi, sai na ɗaga ido, ashe anza ce! Har shinge aka yi mata, ga soja a ƙofa. Hadiza ta ce, "Baba, wai ana cinta?" Dariyata ta maƙale, don na ji hatsi ya ƙare, 'ya'yanta kuke jiƙawa kuna ci tun azumi.

Turo mani yaran, Yaya. A nan kallonta kawai ake yi.

A gaida Inna, ta sa mu a addu'a.

Ƙanenka,
Mamman